Ku Tambaya Mu Amsa: Lifta a Wasannin Sararin Samaniya

Saƙonnin da suka iso daga Sakkwato a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato lifta a cikin wasannin bidiyo na almarar kimiyya. Mun tsamo bakwai, mun taƙaita waɗanda suka yi tsawo.

Wani matashi daga Mabera: Assalamu alaikum. Ina buga Mass Effect na farko. Wasa ne da anka nuna mutane na ratsa taurari cikin ƙiftawar ido, amma in ka shiga lifta a Citadel sai ka tsaya kallon bango har ka gaji. Mi ya sa sunka yi ta haka? Rashin iyawa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba rashin iyawa ba ne, ƙanenmu, dabara ce ta ɓoye lodin, wato lokacin da wasa ke ɗauko bayanai daga faifai. BioWare sun fitar da wasan a 2007 a kan Xbox 360, na'urar da ke da RAM, wato ma'ajin aiki na wucin gadi, megabait 512 kacal, shi ma rabawa ake yi tsakanin lissafin wasan da zanen hoto. Daga faifan DVD ake karanto komai, kuma iyakar gudun karatunsa bai wuce megabait 16 a daƙiƙa ba, in allurar ba ta tsallake-tsallake. Ga shi a lokacin akwai samfurin Xbox 360 da ake sayarwa ba had-disk a ciki, don haka masu haɗa wasa ba su da damar dogara da shi. Tashar Citadel ba za ta shiga wannan RAM ɗin gaba ɗaya ba ko kusa, sai aka yanka ta gunduwa-gunduwa aka sa lifta a tsakani.

Da ka danna maɓalli ƙofa ta rufe, idonka ba ya ganin komai sai ɗan ɗakin da kake ciki. A nan injin wasan ke zubar da unguwar da ka baro daga RAM, ya fara jawo bango da mutane da sautin wadda za ka. A ce sabon wurin megabait 300 ne, ana karantawa 15 a daƙiƙa: daƙiƙa 20 ke nan kafin a yi maganar warware bayanan da aka matse. Hirar da abokan tafiyarka ke yi da labaran da ake karantawa ta lasifika an sa su ne don cike wannan giɓin. Metroid Prime na 2002 haka ya yi da manyan liftocin da ke raba yankunansa, har ma da ƙofofi: in ka harbi ƙofa ta ɗan yi jinkirin buɗewa, ɗakin da ke bayanta ne bai gama lodin ba. Portal kuwa a ƙarshen ɗakunan gwajinsa yake ajiye tasa.

Amma kada ka ɗauka kowace lifta haka take. Iri uku ne. Akwai ta ɓoye lodin, wadda sau da yawa ko motsi ba ta yi, fitilu ne kawai ake gudanarwa ta taga don ka ji kamar kana hawa. Akwai ta gaske, wadda ɗakinta ke tafiya a cikin rami daga hawa zuwa hawa. Masu Cyberpunk 2077 sun fito fili sun ce nasu ba na ɓoye lodin ba ne. Sai ta uku, irin da yawa daga cikin na Starfield, inda kana danna maɓalli allo ya yi baƙi ka tsinci kanka a wani hawan. In kana son ganewa a kwamfuta, buɗe Task Manager ka kalli layin faifai yayin da ƙofa ta rufe. In ya tashi sama sai da aka kusa isa ya sauko, lodin ake yi.

Mutane sun yi ta ƙorafi har Mass Effect 2 na 2010 ya cire doguwar tafiyar ya sa allon lodin a fili, sai kuma wasu suka koma kewar hirar cikin lifta. Legendary Edition na 2021, sabon bugun wasannin Mass Effect, ya raba gardama: da zarar an gama lodin, za ka ga alamar tsallakewa. Shawararmu, a zagayen farko ka bar abokan tafiyarka su Garrus da Tali da Wrex su gama maganarsu, don wani abin da suke faɗa a nan ba za ka ji shi a wani wuri ba.

Wani mai shagon gem a Gawon Nama: Ina da PS4 guda huɗu, yara na biyan kuɗi bisa lokaci, kullum ƙorafinsu jira. In na sa SSD, jiran cikin lifta zai ragu?

Amsa: Alhaji, SSD ma'ajin bayanai ne da ya fi had-disk sauri. Jiran zai ragu a wani wasan, a wani kuma ko daƙiƙa ɗaya ba za ka samu ba. In an rubuta liftar ta jira bayanai su iso sannan ƙofa ta buɗe, SSD zai taimaka. In kuwa an ƙayyade mata tsawon lokaci, ko an ɗaure ta da hirar da sai an gama, to ko me ka sa sai ta cika lokacinta. Sannan PS4 na farko da Slim mahaɗarsu SATA II ce, Pro ne ke da SATA III, kuma kwakwalwar na'urar na cin nata lokacin wajen warware bayanai. Kada ka zubar da kuɗi a kan SSD mafi tsada, matsakaici ya wadatar.

Wanda zai shiga shi ne mai inci 2.5, kaurinsa kada ya wuce milimita 9.5. Kafin ka kwance komai, kwashe ajiyar wasannin yara a filashi. Sauke cikakken fayil ɗin sake girka manhajar, ba ƙaramin na sabuntawa ba, nan ne mafi yawa ke tuntuɓe. A filashi mai tsarin FAT32 ko exFAT ka buɗe jaka mai suna PS4, a cikinta wata mai suna UPDATE, ka sa fayil ɗin da sunan PS4UPDATE.PUP. Kunna na'urar a Safe Mode ka zaɓi lamba 7. Fara da guda ɗaya, ka gwada wasannin da aka fi nema a shagon kafin ka sayi sauran ukun. Tun da ka buɗe ta, ka kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka, don zafin Afrilu na Sakkwato ba ya yi wa na'urar da ta toshe sauƙi.

Maganin gaske yana PS5, wanda SSD ɗinsa ke karanta gigabait 5.5 a daƙiƙa. Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara na'urar, a jawabinsa na Maris 2020 ya kawo doguwar tafiyar lifta cikin dabarun da yake son masu haɗa wasa su huta da su.

Wani daga Runjin Sambo: A Star Citizen na kira lifta, ƙofa ta buɗe na shiga, ashe ba ɗaki, na faɗa rami kayana sunka salwanta. Wani lokaci kuma ta ƙi zuwa sam. Layina ne ko kwamfutata?

Amsa: Allah Ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Mafi yawan lokuta ba kwamfutarka ba ce. Liftocin Star Citizen na cikin kashi na biyu da muka ambata, ɗaki ne da ake tuƙawa daga wuri zuwa wuri, kuma ba na'urarka ke tuƙa shi ba, saba ce, wato kwamfutar kamfanin da ke wata ƙasa. Abu uku ne dole bakinsu ya zo ɗaya: ƙofar da ke hawan da kake, ɗakin liftar, da yankin da ke cikin ɗakin wanda ke gaya wa wasan ina ne ƙasa, me kuma ƙafarka ta taka. In saƙon "ƙofa ta buɗe" ya riga saƙon "ɗaki ya iso" zuwa wurinka, ko kwamfutarka ba ta gama loda daɓen ba, sai ka ga ƙofa a buɗe da rami a bayanta.

Ga lissafin. Ana son saba ta sabunta duniyar wasan sau 30 a daƙiƙa. In kaya sun yi mata yawa ta faɗo sau 5, to duk abin da ta gaya maka yana iya zama tsohon labari da kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Ƙara da jinkirin layinka, a ce milisakan 200. Liftar da ke gudun mita 5 a daƙiƙa tana cin mita guda a milisakan 200, ka ga inda kake ganin daɓe da inda saba ta san yake suna iya bambanta da mita biyu. Shi ya sa mutum ke nutsewa cikin daɓe ko a tsince shi a saman rufi.

Abin yi kafin ka ɗauki wani aiki mai tsada: danna maɓallin da ke ƙasan Esc, rubuta r_displayinfo 3, ka duba gudun saba a cikin bayanan da za su fito a kusurwar allo. In lambar ba ta kai 10 ba, fita ka sake shiga ko za a jefa ka wata sabar. Daga Najeriya yankin Turai ya fi kusa, kada ka bar wasan ya kai ka Amurka ko Ostireliya. In ƙofa ta buɗe, tsaya daƙiƙa biyu ka ga daɓe da fitilun ciki da idonka, sannan ka shiga da tafiya, ba da gudu ba. Kada ka yi tsalle a ciki, kada ka jingina da ƙofa. In ta ƙi zuwa, yawan danna maɓalli ba ya kawo ta. Gwada ta kusa da ita. Daga ɓangarenka kuma, wasan a SSD ake girka shi, RAM gigabait 16 shi ne mafi ƙaranci, 32 ake so. Wanda ya sa shi a tsohon had-disk shi ya fi kowa faɗawa rami, don jikinsa na isa wurin kafin daɓen ya iso. Haɗa kwamfutar da rauta ta waya ya fi Wi-Fi kwanciyar hankali, domin layin da jinkirinsa ke tsalle daga milisakan 150 zuwa 400 ya fi wanda ya tsaya a 220 ɓarna.

Liftar kaya da aka shigo da ita a sigar 3.24 a 2024 tana da nata halin. Akwatunan girma-girma ne, daga SCU 1 zuwa 32, SCU ɗaya kuwa akwati ne mai mita 1.25 ta kowane gefe. Ka tabbata kowane akwati ya zauna cikin layukan dandamalin. Wanda ya leƙo waje, ko kai kanka in kana tsaye a kai, kan hana ta sauka. Wasan, na kamfanin Cloud Imperium Games, har yanzu a matakin gwaji yake, tun tara kuɗin da aka fara a 2012, don haka abin da ba za ka iya jure rasawa ba ka bar shi a ma'aji.

Wata ɗalibar kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo: Ina haɗa ƙaramin wasa a Unity don aikin kammala karatu, tashar sararin samaniya mai hawa huɗu. In lifta na hawa, ɗan wasan sai ya riƙa karkarwa. In tana sauka sai ya yi ta tsalle-tsalle, wani lokaci ya ɓulle ta ƙasa. Me na ɓata?

Amsa: Malama, matsala uku ce kika haɗa, kowacce da sanadinta.

Karkarwar daga agogo biyu take. Unity na zana hoto a Update, wanda yawansa ke canzawa da ƙarfin kwamfuta, amma lissafin karo da nauyi a FixedUpdate yake, sau 50 a daƙiƙa, wato kowane 0.02. In kina matsar da liftar da transform.position a Update, daɓen na motsi a agogo ɗaya, ɗan wasan na amsawa a wani. Sa wa liftar Rigidbody, ki kunna Is Kinematic, ki matsar da ita da MovePosition a cikin FixedUpdate, ki sa Interpolate a kanta da kan ɗan wasan. Kyamara kuma ta bi shi a LateUpdate.

Tsallen sauka lissafi ne zalla. A ce kin sa liftar ta fara sauka da mita 3 a daƙiƙa nan take. Jan ƙasa na 9.81 sai ya ɗauki wajen daƙiƙa 0.3 kafin ya kai ɗan wasan wannan gudun. A wannan ɗan lokacin liftar ta yi santimita 92, shi ya yi 46, daɓe ya bar ƙafarsa da kusan rabin mita. Ya faɗo ya taka, kod ɗinki ya ga ya taɓa ƙasa ya mayar da gudun faɗuwarsa sifili, sai a sake daga farko. Gyara biyu ake yi tare. Na farko, liftar ta riƙa ƙara gudu a hankali, mita 1 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, kusan abin da liftocin gine-gine ke yi. Ki kuma fara taka birki da wuri: nisan tsayawa shi ne gudu sau gudu a raba da ninki biyu na ƙarfin birkin, don haka mai gudun 3 tana buƙatar mita 4.5. In tsakanin hawa da hawa mita 4 ne, ba za ta ma kai 3 ba, a 2 za ta tsaya da ƙari ta fara ragewa, tafiyar ta ci daƙiƙa 4. Na biyu, in CharacterController kike amfani da shi, ki sani ba ya bin abin da ya taka da kansa. A kowane mataki ki cire inda liftar take ɗazu daga inda take yanzu, ki ƙara wannan bambancin a cikin abin da kike ba Move.

Za ki ga masu koyarwa da yawa na cewa a sa ɗan wasa ƙarƙashin liftar a jerin abubuwa da zarar ya shiga, don ya riƙa bin ta. Yana aiki, amma mu ba mu fiya son sa ba. In ma'aunin girman liftar ba 1, 1, 1 ba ne, ɗan wasan zai miƙe ko ya karkace in ya juya. In kuma kika sauke hawan da liftar ke ciki kafin ki raba su, da shi za a share.

Ɓullewa ta ƙasa kuwa sirantar daɓe ce. Abin da ke gudun mita 10 a daƙiƙa yana tsallake santimita 20 a kowane mataki, daɓe mai kaurin santimita 10 sai a ƙetare shi ba a san an yi ba. Bar zanen daɓen siririnsa, amma Box Collider ɗin da ke ƙarƙashi ki ba shi kaurin mita guda zuwa ƙasa, kuma ki guji Mesh Collider a kan abu mai motsi. Akwai wani sanadin da ba a cika lura da shi ba: nisa daga tsakiyar duniyar wasan. Unity na ajiye wurin abu da lamba mai bit 32. A kilomita 10 daga tsakiya, ƙaramin matakin da lambar ke iya nunawa wajen milimita 1 ne. A kilomita 100 ya kusa milimita 8. A kilomita 1,000 ya haura santimita 6. Wanda ya ajiye tasharsa can nesa don ta yi kama da tana sama, komai nasa zai yi rawa. Tashar ta zauna a tsakiya, duniyoyin da ake hangowa su ne za ki matsar.

Sai tsarin aikinta. Ba ta hali biyar, kada ta taɓa zama cikin biyu lokaci guda: tsaye, ƙofa na rufewa, tafiya, ƙofa na buɗewa, jira. Maɓalli kada ya motsa komai, aikinsa kawai ya sa lambar hawa a layi. Ƙofar kowane hawa kada ta buɗe sai ɗakin na cikin santimita 2 da daɓen wannan hawan, kuma in ba ya nan ki toshe bakin ramin da katanga marar ganuwa. Wajen ajiye wasa ki haɗa da hawan da liftar take, in ba haka ba mutum zai dawo ya tarar yana hawa na huɗu ita tana ƙasa. In kina son ta ɓoye lodin, ki kira LoadSceneAsync a tsarin Additive bayan ƙofa ta rufe. Ki tuna in kin kashe allowSceneActivation, ma'aunin ci gaba a 0.9 yake tsayawa. Duk wanda ya rubuta "jira sai ya kai 1" zai bar ɗan wasansa a kulle har abada. Ga wanda kwamfutarsa ba ta ɗaukar Unity, Godot ya fi sauƙi, kuma AnimatableBody3D da aka kunna wa Sync to Physics yana ɗaukar ɗan wasa ba tare da rabin wannan wahalar ba.

Wani malamin firamare daga Arkilla: Yarana na buga Halo, na ga wata hasumiya a Mombasa da ta shige cikin gajimare, sunka ce mini lifta ce zuwa sararin samaniya. Wanga abu na da asali a kimiyya? In ana iya ginawa, ana iya yi a Sakkwato?

Amsa: Yana da asali, Malam. Konstantin Tsiolkovsky na Rasha ya kawo tunanin hasumiyar a 1895, Yuri Artsutanov a 1960 ya juya shi ya ce igiya za a saki daga sama, ba gini za a ɗaga daga ƙasa ba, Jerome Pearson na Amurka ya yi lissafinsa a 1975. A tsayin kilomita 35,786 saman layin ikwaita, tauraron ɗan'adam na zagaya duniya daidai da juyawarta, sai ya zama kamar a tsaye yake. Dalilin ke nan da dish ɗin da ke kan rufinku ke kallon wuri ɗaya shekara da shekaru. Daga nan za a saki igiya zuwa ƙasa, a miƙa wata can gaba da nauyi a ƙarshenta. Kamar majajjawa ce: muddin ana juyawa, dutsen da ke ƙarshe shi ke riƙe igiyar a miƙe.

Tunda a saman ikwaita wurin yake, gindin liftar ma kusa da ikwaita ake so. Mombasa na wajen digiri 4 kudu da layin, shi ya sa zaɓin masu Halo ya yi ma'ana. A labarin, shekarar 2552 ce, kuma a Halo 3: ODST na 2009 ake ganin tsinkewarta, tarkacenta kuwa suna zube a hanyar Tsavo a Halo 3. Sakkwato na digiri 13 arewa, igiyar za ta karkace ta rage nauyin da take iya ɗauka, don haka ba nan injiniya zai fara dubawa ba. Sai dai a wasan Civilization IV, inda dokar gina liftar ita ce birnin kada ya wuce digiri 30, nan kam Birnin Shehu ya ci jarrabawa.

Abin da wasanni ke ɓoyewa shi ne nisa. Kamfanin Obayashi na Japan a 2012 ya fitar da tsari mai igiyar kilomita 96,000 da ɗaki mai gudun kilomita 200 a awa. Raba 35,786 da 200, awa 179 ke nan, kwana bakwai da rabi a cikin lifta. Kuma ba kana barin gajimare za ka fara shawagi ba: a tsayin kilomita 400 nauyinka na nan kusan kashi 90 cikin ɗari, sai a can tashar sama yake ƙarewa. Babban cikas igiyar ce. Ƙarfe mafi kyau in aka rataye shi, nauyin kansa na tsinka shi a 'yan gomomin kilomita. Siraran bututun kabon da ake sa rai da su, wanda masu bincike a Sin suka yi shelar samu a 2013 tsawonsa kusan rabin mita ne.

Wani daga Tudun Wada: A Satisfactory na gina Space Elevator, an ce in kai Smart Plating 50. Injinana na hawa na biyu, ina ɗaga kaya da Conveyor Lift, amma aikin ba ya gudu.

Amsa: Duba liftar sukuru, kusan kullum ita ce. Smart Plating ɗaya na cin Reinforced Iron Plate ɗaya da Rotor ɗaya, injin haɗawa na Assembler guda na fitar da 2 a minti, 50 ke nan a minti 25 in ba a yanke masa kaya ba. Reinforced Iron Plate na cin farantin ƙarfe 6 da sukuru 12, Rotor na cin rodi 5 da sukuru 25. Jimilla kana buƙatar faranti 300, rodi 250 da sukuru 1,850. Don ka riƙe 2 a minti, sukuru 74 ne za su hau sama kowane minti, alhali lifta Mk.1 iyakarta 60. In ka tura duka ta lifta ɗaya, ka riga ka shaƙe kanka. Injin Rotor ma in zai yi cikakken gudunsa, shi kaɗai 100 yake sha a minti.

Ko dai ka ɗaga ta zuwa Mk.2 mai ɗaukar 120, tare da bel ɗin da ke shiga da wanda ke fita, don mafi rauni a layin shi ke yanke gudun kowa. Ko kuma, abin da muka fi so, kada ka ɗaga sukuru sam. Rodi ɗaya na ba da sukuru 4, don haka ka hau da rodi, ka ajiye injin Constructor biyu a sama kusa da masu buƙata, kowanne na fitar da 40 a minti. Kada ka cuɗa faranti da rodi a lifta guda, ranar da ɗaya ya cika injin, shi zai tsaya a baki ya tare ɗayan. Ka kuma kalli kibiyar da ke jikinta lokacin ginawa, don ana yawan juya ta ta koma saukar da kaya. Ka lissafa wuta: Assembler megawat 15, Constructor 4, janareton Biomass Burner ɗaya 30 yake bayarwa, in ka wuce fiyus zai yanke komai.

Wani ɗan sakandare daga Kofar Atiku: Kwamfutata tsohuwa ce, Doom na 1993 kawai take ja. Ina zana taswira, liftata ta ƙi motsi.

Amsa: Yaro, ka samu makaranta mai kyau. A Doom lifta yanki ne na daɓe da ke sauka ya dawo, babu ɗaki a kan ɗaki. A manhajar zana taswira ta Ultimate Doom Builder ka ba yankin lambar tag, wato lambar shaida, ka ba layin da zai kira shi wannan lambar daidai. Aikin layi mai lamba 62 na dannawa ne, 88 na takawa, dukansu ana iya maimaitawa. 21 da 10 sau ɗaya suke aiki, mai yiwuwa ɗayansu ka sa. Liftar na sauka ne zuwa daɓe mafi ƙasa cikin maƙwabtanta, don haka a sama ake zana ta. In ka zana ta daidai da ƙasa, ba ta da inda za ta. Layin dannawa kuma ta fuskarsa kawai yake amsawa, ka juya ɗan ƙaramin tsinken da ke jikinsa ya kalli inda ɗan wasa zai tsaya.

Gudunta ma'auni 4 ne a kowane bugu, bugu 35 a daƙiƙa, tana jira daƙiƙa 3 a ƙasa sannan ta koma. Ka sa zanen bango na ƙasa a duk gefen da zai bayyana in ta motsa, har da bangon hawan sama da ke fitowa bayan ta sauka, in ba haka ba hoton zai riƙa maimaita kansa yana damewa. In da ainihin injin 1993 za a buga taswirar, kada liftoci sama da 30 su yi aiki lokaci guda, wasan rufewa yake yi.